Sawun da Ya Bi Layin Rawaya

Ƙarfe goma sha ɗaya saura kaɗan aka ji ihun. Inna Mai Shara tana bayan ofis tana juye kwandon takardu. Shekararta goma sha tara a wannan kamfanin niƙa fulawa, ta ji ihun wanda buhu ya faɗo masa a wuya, ta ji na wanda aka kora, ta ji na matar Manaja ranar da ta zo ba sanarwa ta tarar da abin da ta tarar tsakaninsa da sakatariyarsa, amma irin wannan ba ta taɓa ji ba. Ta yar da kwandon ta ruga.

Kafin ta isa wani ya danna jan maɓalli injin ya tsaya, an zaro Makanike daga cikinsa. An naɗe masa hannun dama da rigar wani, rigar ta jiƙe sharkaf. Mutum huɗu suka ciccibe shi suka yi mota da shi, bakinsa bai daina ba: "Na sa kwaɗona! Wallahi na sa kwaɗona!"

Dokar gidan ke nan. Duk wanda zai shiga cikin inji gyara, sai ya sauke wuta, ya rufe akwatin wutar da kwaɗonsa, ya jefa makullin a aljihu. Muddin kwaɗon yana rataye, ko uban mai kamfanin ba ya taɓa akwatin. To ga kwaɗon nan can a ƙuryar bango, a ƙasa, a buɗe, ba fasa shi aka yi ba. Makullin Makanike kuwa yana aljihun wandonsa. Ke nan wani ya ɗauko makullin ajiya da ke rataye a ofis, ya buɗe, ya ɗaga wuta da mutum a ciki.

Manaja ya tsaya daga nesa ya dafa ƙugu. A gaban akwatin, cikin garin da ya kwanta a siminti, ga sawun takalmin aiki ƙato, kamar an ajiye kwanon sha.

"Ƙafar wa ce wannan?"

Babu wanda bai sani ba. Ƙafa irin wannan ɗaya ce a kamfanin, ta Dogo, mai tada inji, ɗan Inna tilo.

"Jiya ma sun yi," in ji wani daga baya. "Ya ce masa wata rana sai ya niƙa shi da injin."

"Da kunnena na ji," in ji wani.

A bakin ƙofar zauren akwai wani allo. Kowace safiya Malam Doka, jami'in kula da lafiyar ma'aikata, yakan goge shi ya rubuta sabon adadi da alli: kwana kaza ba a yi hatsari ba. A ranar an rubuta ɗari biyu da casa'in da tara. Gobe ɗari uku, manya za su zo daga babban ofis, a yi hoto, kowa ya tafi gida da sabuwar riga da buhun fulawa. Wasu ma har matansu sun riga sun yi wa maƙwabta alkawarin kwano-kwano. Inna ta ga idanun mutane suna zuwa kan allon suna dawowa.

Manaja ya gyara murya. "Ku saurara. Wannan ba hatsari ba ne. Mugunta ce, ta mutum ɗaya."

Aka yi ajiyar zuciya, kai ka ce an sauke musu kaya. Kafin Inna ta buɗe baki an riƙo Dogo, an tura shi ɗakin maigadi an ja ƙofa. Manaja ya ɗauki hoton sawu ɗaya da wayarsa, ya ce 'yan sanda za su zo ƙarfe huɗu. Sannan ya juyo.

"Ke, share wurin nan tas. Ba na son baƙi su tarar da ƙazanta."

*

Tagar ɗakin maigadi ƙarama ce, sai da Dogo ya sunkuya kafin fuskarsa ta bayyana. Daga bayan babbar ƙofa ana jin hayaniya, ƙannen Makanike sun fara taruwa, ɗaya yana dukan ƙarfen da wani abu.

"Dube ni," in ji Inna. "Kai ne?"

"Inna, ni? Da shi muke cin abinci kwano ɗaya."

"To bakinka fa? Mene ne kuma niƙa mutum?"

"Wasa ne. Shi ma ya ce zai kwance ni ya sayar da ni kayan gyara."

"Ga wasan nan ka gani. Ina kake sa'ad da aka ɗaga wuta?"

"Bayi."

"Awa ɗaya da rabi? Me ka ci?"

Inna ta sa hannu ta tsakanin ƙarafan ta kamo kunnensa, kamar yadda ta saba tun yana rarrafe.

"Ba don Manaja nake tambaya ba. Mutanen can da kake ji, in suka shigo ba tambaya za su yi ba."

"Barci na yi," in ji shi da ƙyar. "A bayan sito, kan buhuna. Makanike ya ce gyaran zai kai sha biyu. In na faɗa korata za a yi."

"Allah ya sa korar ce kawai. Takalmanka fa?"

"Na tuɓe na ajiye a kan kantar takalma, bakin ƙofa. Kin san suna cina a ƙaramin yatsa. Ihun ne ya tashe ni, na zo na zura su." Ya ɗan tsaya. "Igiyar ma a ɗaure na same ta, da ƙyar ƙafata ta shiga."

"Kai kana ɗaure igiya?"

"Yaushe rabon."

Inna ta saki kunnen.

*

Abin da mutanen kamfanin ba su sani ba, ko suka sani suka manta, shi ne uban Inna mai bin sawu ne. A zamaninsa in aka sace wa mutum dabba shi ake kira, ya durƙusa ya dubi ƙasa, ya ce ɓarawon gurgu ne kuma yana jin yunwa, a je a tarar haka ne. Bai haifi namiji ba, sai ya riƙa jan 'yarsa. Da ta girma duniya ta ba ta tsintsiya, ita kuwa ba ta daina karatu ba. Ta san wanda yake zuwa a makare, ta san wanda yake laɓewa bayan sito yana shan taba, ta san takalmin macen da ke shiga ofishin akawu bayan an tashi. Ba ta faɗa wa kowa, sai dai mai abinci, ita ma don ta riƙe amana ne, wadda ba ta taɓa riƙewa ba.

Ta shiga zauren da tsintsiya, ta fara sharar daga inda ba ruwan kowa, tana satar kallon ƙasa.

Sa'arta ɗaya. Muddin inji yana aiki gari yana sauka kamar yayyafi, yana rufe kowane sawu. Da aka kashe shi ƙarfe tara da rabi, siminti ya zama farar takarda. Taron jama'a duk a bakin injin suka tattake, ɓangaren akwatin wuta kuwa sawu biyu ne kawai. Na Makanike, da ya je ya sa kwaɗo. Da ƙaton.

Ta durƙusa, gwiwoyinta suna ƙara. Takalmin Dogo ne, babu musu, ga tsagar da ke dunduniyar hagu. Ta auna tsakanin taku da taku da tsintsiyarta. Takun Dogo tsintsiya biyu ne har da ɗoriya, ta sha share shi. Wannan ɗaya da rabi bai cika ba. Kuma kowace dunduniya ta ja gari baya kaɗan kafin ta tashi, irin jan da yaro ke yi in ya sa takalmin babansa.

Gajeren mutum ne, mai ƙaramar ƙafa, a cikin takalmin ɗanta.

Ta tashi ta kwaso manyan farantan roba da ake tara zubabben gari, ta kifa su a kan sawu shida mafi kyau. Mutum uku ke da izinin taɓa makullin ajiya: Manaja, Foman shugaban leburori, da Malam Doka. Manaja ƙato ne, tumbinsa ke riga shi shiga ɗaki. Malam Doka kuwa, haba. Mutumin da ya taɓa cin kansa tara don ya manta hular kwano? Saura ɗaya.

*

Foman gajere ne, kuma ba a banza ake kiransa Yanzu-Yanzu ba. Ta same shi a wurin lodi, manyan motoci biyar sun yi layi, direbobi suna zaginsa yana ramawa.

"Yanzu-Yanzu, zo nan."

"Inna, ki yi haƙuri, abin ya taɓa ni, amma yanzu ba ni da..."

"Ɗaga ƙafarka."

"Me?"

"Ɗaga ƙafarka in gani, ko in faɗa wa uwargidanka inda babur ɗinka yake kwana ranar Laraba."

Ya ɗaga da sauri. Ƙaramar ƙafa. Inna ta ji wani daɗi marar kyau ya taso mata.

"Motocin nan tun safe suke jira, ko? Kai ake zagi. Ka gaji, ka je ka ɗaga wuta."

"Ni? Inna, ki ji tsoron Allah!"

"Inna, bar shi," in ji wani direba daga kan mota. "Wannan tun tara muke riƙe da shi, ko fitsari ba mu bar shi ya je ba. Da ya motsa da mun cinye shi."

Sauran suka yi dariya suka tabbatar. Inna ta dubi ƙasa. Sawun Foman ya cika wurin, zagaye a kan zagaye kamar na akuyar da aka ɗaure. Kuma shi da yatsu yake tafiya, dunduniyarsa ba ta ko taɓa ƙasa sosai. Ba shi ba ne.

Foman ya matso ya rage murya. "Inna, ni ban ce Dogo ne ba. Amma ki gane, kowa so yake ya zama shi." Ya naɗe hannun rigarsa. Daga wuyan hannu zuwa gwiwa fatar ta yi fari ta tattare. "Watan jiya bel ɗin inji ya kama ni. Na ce a gida ne, ruwan zafi. In na faɗi gaskiya allo ya koma sifili, wa zai ƙara gaishe ni?"

Ya sauke hannun rigar ya koma zaginsa. Agogon wurin lodi ya nuna biyu da kwata.

*

Mai abinci tana rumfarta a jikin bangon zauren, ba ta ko sayar da rabi ba. A kan bencinta ga matar Makanike, ta dawo daga asibiti ɗaukar katin aikinsa, idanunta sun kumbura.

"Yatsu uku," in ji matar, ba ta ko dube ta ba. "Suna ƙoƙarin ceto sauran. Da wane hannu zai riƙe sifana? Ki faɗa mini, ke da kika haife shi."

Inna ta durƙusa a gabanta. "'Yata, ba zan ce ki yafe ba, don ban yarda an yi miki laifi daga ɗakina ba. Abu ɗaya nake roƙo. Ya yi magana? Ya ji wani abu kafin wutar?"

"Me zai ji? Da robar toshe kunne a kunnensa. Likita ne ma ya cire masa."

"Ai dole," in ji mai abinci, wadda maganar ta daɗe tana ci mata ciki. "Tun da Malam Doka ya kawo robar nan, wanda aka kama babu ita a kunne sai tara. Shi ya sa bai ji kiran ba."

Inna ta juyo. "Wane kira?"

"Au, ban faɗa miki ba? Ta bangon nan na ji. Makanike! Makanike! Makanike! Sau uku. Sai shiru, sai inji ya tashi."

"Muryar wa?"

"Ina zan sani, janareto yana ta ruri a kaina? Namiji dai ne."

Kira uku. Inna ta san wannan. Ba ya cikin takardun doka, amma ya girmi takardun. Masu gyara sukan manta kwaɗonsu su tafi cin abinci, aiki ya tsaya. Sai aka saba, a tsaya a bakin zaure a kira mai kwaɗon sau uku, in ba a ji amsa ba a ce ya fita, a ɗauko makullin ajiya. Shekara da shekaru ana haka ba abin da ya faru, domin a da wanda ke cikin inji yana ji.

Ke nan wanda ya yi ba kisa ya nufa ba. Mai son kisa ba ya sallama. Amma sanin haka bai buɗe ɗakin maigadi ba. Dukan ƙofar waje ya ƙaru, yanzu da duwatsu ake yi.

*

Uku da minti goma ta koma zauren ta tarar da Manaja yana harbin farantanta da ƙafa. Biyu sun riga sun tashi, sawun da ke ƙarƙashinsu ya tafi. Wani lebura yana tsaye da babbar tsintsiya.

"Awa huɗu na ba ki! Kai, share!"

Inna ba ta san sa'ad da ta yi ba. Ta ganta dai a kwance a kan siminti, tsakanin tsintsiyar da sauran sawun, ta baje hannuwa.

"Sai dai ya share da ni."

"Tashi, ko ki bi ɗanki!"

"Ranka ya daɗe, da ma can zan bi shi. Ina zan zauna?"

Leburan ya tsaya, ya rasa inda zai sa idonsa. Mutane suka fara leƙowa. Ita kuwa kuncinta yana manne da ƙasa, hawaye yana kwaɓa garin, tana kiran ubanta a zuci: Baba, na karanta ƙafa, na karanta taku, me na bari? Sai ta tuna abin da yakan ce in ta ƙura wa sawu ɗaya ido. Ke, ɗago kai. Ƙafa takan ari takalmi, hanya ba a aronta.

Daga nan ƙasa, hasken taga yana kwance a kan garin, ta ga tafiyar gaba ɗaya. Sawun Makanike ya taso daga ƙofa ya yanke ta tsakiya, ta tsakanin buhuna, kai tsaye zuwa akwatin, kamar yadda kowa yake yi. Ƙaton sawun kuwa bai yanke ba. Ya bi jikin bango, ya kai ƙurya, ya yi kwana cif kamar soja, ya sake bin bango. Hanyar ta ninka biyu. A ƙarƙashin garin, inda gwiwarta ta goge, ga fenti ya bayyana. Layin rawaya, wanda aka shata don masu tafiya a ƙasa.

Ta tashi zaune, fari fat kamar fatalwa.

"Ranka ya daɗe, ba ni minti goma. Ka tara su, har da ɗana. In ban nuna maka mutumin ba, ni da kaina zan share, in kuma miƙa shi ga 'yan sanda da hannuna."

Manaja ya dubi mutanen da suka cika ƙofa, ya dubi matar Makanike da ta kutso gaba.

"A ba ta," in ji matar.

*

Aka kawo Dogo, maigadi yana riƙe da shi. Foman ya zo yana haki. Malam Doka ya zo a ƙarshe, da hular kwanonsa da littafinsa a hammata, takalmansa suna ƙyalli. Tun safe ba wanda ya ji muryarsa, aka ɗauka alhini ne.

Inna ta jefa tsintsiyarta can gindin bangon da ke kusa da akwatin wuta, gefe da sawun.

"Dogo, ɗauko mini."

Ya yanke ta tsakanin buhuna, taku tara, ya kawo. Ta sake jefawa. Foman ya yanke da gudu. Ta sa lebura biyu, suka yanke. Ta dubi Manaja.

"Ni ma?"

"Ai kai ne uba."

Aka yi 'yar dariya. Ya yi tsaki ya yanke, har ya ture buhu da tumbi.

"Saura Malam."

Malam Doka ya gyara hularsa. Ya taka, ya bi jikin bango, ya kai ƙurya, ya yi kwana cif, ya sake bin bango. Sai da ya sunkuya zai ɗauki tsintsiyar ya lura zauren ya yi tsit. Sabon sawunsa yana kwance kusa da tsohon, taku a gefen taku, kwana a gefen kwana, kamar layi biyu na ɗinki.

"Shekara huɗu da shata layin nan," in ji Inna. "Kullum ni ke share shi. Ban taɓa ganin sawun kowa a kansa ba sai naka."

"Bin doka laifi ne?" Muryarsa ta fito siririya. "Kuma ai ga takalmana. Me zai kai ni na wani?"

"Da safe ba sa ƙafarka," in ji maigadi a hankali, kamar maganar ta kuɓuce masa. "Na gan su a kan katanga, ka wanke ka shafa musu mai saboda baƙin gobe. Silifa ce a ƙafarka."

"Kuma kai ba ka shiga zaure da silifa," in ji Inna. "Ko gobara ake yi. Ka duba kantar, takalmi ɗaya ne ba mai shi. Ka zura, ka ɗaure igiya, don tafiya da igiya a kwance ma laifi ne a littafinka. Ka kira sau uku."

Littafin ya faɗi daga hammatarsa. Ya zauna a kan buhu kamar an zare masa ƙashi.

"Na kira," in ji shi. "Wallahi na kira. Na ɗauka ya fita ya manta. Ranka ya daɗe, sau huɗu ka bugo mini waya. Ka ce in motocin nan suka kwana manya suka gan su gobe, in nemi wani aikin. Ka ce in san yadda zan yi."

"Ni ban ce ka buɗe kwaɗo ba!" in ji Manaja.

"Ba ka ce ba."

"Taku ashirin ne zuwa bakin injin," in ji matar Makanike. "Ka zagaye duniya don kar ka taka inda babu fenti, ka kasa leƙawa ka ga ko mijina yana ciki?"

Ya cire hular ya rufe fuskarsa da ita.

"Robar kunnen ma kai ka ba shi," in ji Inna. "Wannan kuskure ne, Malam, da ka faɗa da safe da mun yi kuka tare. Amma awa biyar kana ji ana jifan ƙofa, ɗana yana ciki."

"Na je sau biyu zan faɗa. Sai in ga allon." Ya share hanci. "Kwana ɗari biyu da casa'in da tara. Shi ne kawai abin da na taɓa ginawa."

Foman ya yi wata dariya marar daɗi, ya naɗe hannun riga ya ɗaga sama. "Ga kwana na ɗari biyu da sittin." Wani lebura ya tuɓe takalmi, babban yatsansa ba farce. "Ɗari da goma." Wani ya ɗaga riga ya nuna haƙarƙari. Wata mai ɗinkin buhu ta nuna tafin hannu. Manaja yana ta juya kai kamar mai neman ƙofa.

Maigadi ya saki hannun Dogo ba tare da an ce masa ba.

*

Da motar 'yan sanda ta iso, matar Makanike ce ta fita ta yi wa ƙannen mijinta magana, suka zubar da duwatsun suna kallon ƙasa. Malam Doka ya shiga motar da ƙafarsa. Aka ce Manaja ma ya biyo su ya yi bayanin wayoyi huɗun nan, ya tafi yana ta gumi, kuma masu lura sun ce bai ko yi sallama da sakatariyarsa ba.

Dogo ya zo ya tsaya gaban uwarsa, ƙato da shi, leɓensa yana rawa.

"Kar ka yi mini kuka a nan," in ji ta. "An ce suna neman jini a asibiti. Wuce ka ba abokinka, tun da ka yi barci ka ƙoshi."

Foman ya tara mutane a bakin ƙofa, ya ɗauko makullan ajiya daga ofis, ya ce daga yau ba mai taɓa su sai mutum biyu sun shiga inji sun duba da idonsu, kira ukun nan kuma an binne shi. Wani ya tambaya, to rigar fa, da buhun?

Inna ta ciro tsumma daga ƙugunta, ta tofa masa yawu, ta goge allon har sai da baƙinsa ya fito. Ta miƙa wa matar Makanike allin. Matar ta daɗe tana juya shi a hannu, sannan ta zana sifili ƙato, ya ɗan karkace.

Sa'an nan Inna ta koma zauren ta ɗauki tsintsiyarta. Ta fara daga ƙofa, ta bi jikin bango.